Na ɗanɗana giyar sojojin ruwan Ingila

Jiya da dare a nan birnin Portsmouth na Ingila abokin aikina ya zuba min ɗan ram, wato giyar da ake yi da rake, irin wadda ake raba wa sojojin ruwan Ingila kullum, har ranar 31 ga Yuli 1970 da aka daina. Baƙa ce wuluk, ƙarfinta kashi 54.5 cikin ɗari.

Kurɓin farko zafi ne zalla, har da hawaye. Da na ɗiga mata ruwa sai ƙanshinta ya fito: kamar mazarƙwailar da ta ɗan ƙone, ga ɗaci can ƙasa, ga ƙanshin ayaba nunanniya. Haɗi ce. Nauyin na ram ɗin ƙasar Guyana ne, inda har yau ake tace wata a tukunyar katako. Ƙanshin ayabar kuwa na Jamaika ne, shi na fi so, amma a ganina zaƙin ya yi yawa har yana danne shi.

Tun 1740 Admiral Vernon, wani babban hafsan sojojin ruwan Ingila, ya ce a riƙa sirka ta da ruwa, kuma yanzu na ga dalili.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne gonakin raken. Shekara da shekaru bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka nome su.