Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Malamin da ya biyo ni bakin bahar

Makon jiya mun tsaya a inda Baba ya rantse ya gaji da karya tsumagiya a bayana. To, da na samu na kutsa aji uku ma ba abin da ya sauya. Da safe in rataya jaka kamar yaron kirki, ina shan kwana sai in gangara bakin bahar, wato kogin Nilu, wurin masuntan garinmu Mai Wurno na ƙasar Sudan da ke ɗinkin koma. Na iya fatsa, na san ramin da tarwaɗa ke kwana, amma a ce in karanta layi ɗaya na Larabci sai harshena ya yi nauyi. A gida Hausa muke yi, maƙwabta Fillanci, a aji kuwa wanda ya kuskura ya yi yaren gida sai a ce yana rutana, wato yaren da ba Larabci ba. Wallahi kalmar nan ta fi mini bulala zafi.

Ana nan aka kawo mana sabon malami, wani dogo siriri mutumin Dungula ta arewacin Sudan. Wata Talata ina tsugune ina cire ƙugiya daga bakin karfasa, sai na ga inuwa a kaina. Na sadaƙar yau sai buzuna. Shi kuwa ya jingine kekensa, ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale.

"Ya walad, me kuke ce wa wannan kifin da yarenku?"

Na ce, "Karfasa, Ustaz."

Ya ɗauki tsinke ya rubuta a yashi da baƙaƙen Larabci, ya ce in karanta. Na karanta tsaf, ba gargada. Sai ya yi dariya, ya ce ai shi ma ranar da aka kai shi makaranta yaren Nuba kawai ke bakinsa. Daga aljihu ya zaro kurrasa, wato littafin rubutu, sabuwa fil, ya ce in je in tambayi habbobata, wato kakata, yadda aka yi muka zo ƙasar nan, in rubuto masa da Hausa.

Kaka na ganina da biro ta riƙe haɓa. "Angona, yau kuma malanta ce ta motsa?" Amma da ta fara, sai da garwashin shayi ya mutu. Ta faro daga Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yo gabas. Ita tana 'yar ƙarama, rabin tafiyar a bayan jaki ta yi ta, ta hanyar alhazai, Wadai da Darfur. Niyyarsu Makka, Allah ya tsayar da su kudu da Sinnar. Ta ce kakanmu har dutse ya ɗauka a aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, daga baya suka shiga tsinkar auduga a Jazira. Dare huɗu ina rubutu a gindin fitilar ƙwai, hancina duk baƙin hayaƙi.

Kullum bayan an tashi sai mu zauna ni da Ustaz, in karanta jimla in yi masa bayani da guntun Larabcina, shi ya gyara, in sake kwafewa. Ya nace sai ya koyi Hausa, amma "ƙ" ta gagare shi, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a bakinsa. Ni ne mai gyara wa malami! Abin da ya hana ni komawa bahar ke nan, ba wani wa'azi ba.

Shekara biyu ya yi aka yi masa canji, ina ɗan banzan yaro ko na gode ban iya ce masa ba. Har yau ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba. Allah ya saka masa da Aljanna.

Ranar da ya sa na karanta labarin Kaka a gaban aji kuwa, ashe ya aika an kira Baba, yana tsaye bayan taga ban sani ba. Abin da ya faru da muka koma gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.