Filin wasan da ke ƙarƙashin dandalin Navona

Sau biyu na zagaya dandalin Navona a birnin Roma ina neman ƙofar shiga tsohon filin wasan Romawa, ban gan ta ba. A zatona tunda filin wasan yana ƙarƙashin dandalin, ƙofar ma tana tsakiya, kusa da maɓuɓɓugar ruwan da gwanin sassaƙa Bernini ya gina a 1651. Ashe sai an fita ta arewa, an zaga baya zuwa titin Tor Sanguigna. Wani mai sayar da zane ne ya nuna min hanya da haɓa, ko ɗaga kai bai yi ba. Da gani ya gaji da wannan tambayar.

Matakalar ba ta da tsawo, mita 4 da rabi ne kawai ƙasa da titi. Amma ina sauka hayaniyar gari ta ɗauke, sanyi da warin danshi suka tarbe ni.

Gaskiya da farko gwiwata ta yi sanyi. Kwana ɗaya kafin nan na je Kolosiyam, katafaren filin faɗan takobi na Romawan da, don haka na zo da babban buri. Abin da na tarar ɗan yanki ne: ginshiƙan farin dutse, bangon jan bulo, da wata ƙofa mai bakan gizo kamar ta soron fada. Na'urar bayanin da aka ba ni a ƙofa ma aljihu na jefa ta. Cikin minti 10 na gama zagaye, har na fara lissafin kuɗin tikitina.

Wata matakala ce ta tsayar da ni. Ta hau sama kamar za ta kai mutum wurin zama, sai ta ƙare a jikin silin siminti na ginin da ke bisa. Na shafa bulon gefenta, sirara ne, kaurin kowanne bai wuce yatsu biyu ba. A nan na ciro na'urar, na koma farko.

Sarki Domishiyan ne ya buɗe filin a shekara ta 86 Miladiyya. Tsawonsa wajen mita 275, faɗinsa 106, yana cin 'yan kallo kusan 30,000. Ni da na ɗauka tseren keken doki ake yi a nan, ashe wasannin Girkawa ne: gudu, kokawa da dambe, a gasar da ake shiryawa duk shekara 4. Har 'yan mata sun yi tsere a ciki. Da na ji cewa 'yan dambensu suna naɗe hannu da igiyar fata, sai da na yi dariya ni kaɗai, don na tuna yadda namu ke ɗaura kara. Dattawan Romawa kuwa ba su so abin ba, suna ganin fitsara ce ƙato ya fito tsirara gaban jama'a. Sai bayan gobarar Kolosiyam a 217 aka kwaso faɗan takobi aka kawo nan na ɗan lokaci.

Sauran labarin irin na kowane tsohon gari ne. Ambaliyar kogin Tiber da ɓaraguzai suka yi ta ɗaga ƙasa, mutane suka kwashi dutse, wasu suka ɗora gidaje a kan wuraren zama. A 1936 ana rushe-rushe aka tono wannan ɓangaren.

Kuskurena shi ne fara kallon dandalin kafin na sauka. Da na fito sai na ga abin da na wuce sau biyu ban lura ba: dandalin dogo ne, kansa na arewa a lanƙwashe, gidajen da ke kewaye suna zaune daidai inda 'yan kallo suka zauna. Sunan Navona ma daga "agone" ya samo asali, wato gasa, kuma yana nan a sunan cocin Sant'Agnese in Agone da ke gefe. Na taka daga arewa zuwa kudu ina kauce wa masu ɗaukar hoto. Gudun dai ban gwada ba, gwiwa ba za ta bari ba.