Fim ɗin Kawu ya dawo daga Legas

Da muka buɗe akwatin marigayi Kawu, sai ga tsohuwar kyamararsa Yashica, har da fim uku na Kodak Gold 200 da ba a wanke ba. Na ɗauka wanke su abin wasa ne. Ina! Na zaga titin Emir Yahaya a Sakkwato har bakin babbar kasuwa, duk shagon hoton da na shiga sai a yi mini dariya. Wani dattijo ya nuna mini injin wankinsa a lungu, ƙura ta rufe shi, an ɗora buhun gero a kai. Ya ce, "Ɗana, ko injin ya tashi, ina sinadarin?"

Shi ya ganar da ni cewa fim mai launi ba kamar baƙi da fari ba ne. Hanyar wanki da ake kira C-41 ake bi, kuma dole zafin sinadarin ya tsaya daram a kusan digiri 38 na ma'aunin Celsius, in ya kauce launi ya lalace.

Da na rasa mai wankewa a nan, sai na nemi na Legas. Wurin farko da na samu, fim ɗaya na aika musu don gwaji. Mako biyar shiru. Da hotunan suka zo duk sun yi kore shar, nagatif ɗin ma, wato fim ɗin da aka wanke, ba a maido mini ba. Wuri na biyu kuwa, tun kafin in biya suka tambayi shekarun fim ɗin da inda aka ajiye shi, suka ce zafi irin na Sakkwato yana cin launi, kada in sa rai da yawa. Wannan gaskiyar ce ta sa na saki jiki da su.

Jiya suka turo hotunan ta waya. Launin ya koɗe, ya yi ja-ja, amma ga Inna nan a ƙofar Hubbare, goye da ni. Har yanzu wayar tana hannunta, ta ƙi ba ni.