Nawa kulob ɗin ke biyanka?

Ranar da na gaya wa yayana a waya cewa an sa ni cikin kwamitin amintattu na gidauniyar kulob ɗin ƙwallon garin da nake zaune a arewa maso yammacin Ingila, sai da ya yi kabbara. Shi yana Zariya, kuma a wurinsa duk inda aka ambaci ƙwallo aka ambaci Ingila, to kuɗi ake nufi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, kakarmu ta yanke saƙa. Nawa suke biya?" Na ce, "Yaya, ko sisin kwabo." Ya yi jim, ya ce, "To tikitin kallo fa?" Na ce shi ma da kuɗina nake saya. Sai ya ja tsaki ya ce, "Kai dai tun kana yaro ka iya jawo wa kanka wahala."

Kulob ɗin namu ba ya cikin waɗanda ake cika gidajen kallo saboda su. Ƙarami ne, can ƙasan rukunai yake fafutika, irin wanda idan aka yi ruwa ranar Asabar sai ka ƙirga 'yan kallon da ke bayan raga da yatsu. Ni ma ba son kulob ɗin ne ya kai ni ba. Ɗana ne ke zuwa atisayen yara na yammacin Juma'a da gidauniyar ke yi kyauta, ni kuma in tsaya bakin shinge ina rawar ɗari har a tashi. A nan wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta tambaye ni aikin da nake yi. Na ce akawu ne ni a wani kamfanin sufuri. Fuskarta ta washe kamar ta tsinci dami a kala. Ashe ita ce shugabar kwamitin, kuma ma'ajinsu ya daɗe yana roƙon a sauwaƙe masa. Har yau tana faɗa da ni in riƙa kiran ta da sunanta gatsau kamar yadda suke yi. Bakina ya kasa, ta girme wa babbar yayata. Shugaba nake ce mata, ta haƙura.

Na amsa ina zaton zama ne sau huɗu a shekara, a sha shayi, a yaba wa yara. Mako guda kafin zaman farko aka turo mini takardun da sai da na yi dare biyu ina karantawa, kuma babu kalmar ƙwallo a mafi yawansu. Inshora, hayar fili, albashin masu horarwa, fanshonsu, jerin haɗurran da ka iya afka wa gidauniyar, da wata takarda da zan sa hannu cewa ban taɓa aikata abin da doka ta hana mai shi riƙe irin wannan kujera ba.

Abu na farko da na fahimta shi ne gidauniya daban, kulob daban. Tambari ɗaya, launin riga ɗaya, ofishinmu ma a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo yake, amma aljihu ba ɗaya ba. Kulob kamfani ne mai mamallaki. Gidauniya kuwa tana da rajista a hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji na Ingila da Wales, tana aiki ƙarƙashin dokar 2011, kuma ba mallakin kowa ba ce. Irin wannan aiki ya samo asali ne a 1986, lokacin da ƙwallon Ingila ke fama da baƙin suna saboda tarzomar 'yan kallo. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta fara gwajin shigar da kulob-kulob cikin unguwanninsu a nan yankinmu, da Manchester United da Manchester City da Bolton da Oldham da Preston da Bury. Yau kusan babu kulob a manyan rukunai huɗu na Ingila da ba shi da irin wannan reshe.

Sunan Bury kuwa a nan ba a ambatonsa sai an girgiza kai. Kulob ne da ya ci kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903, amma a watan Agustan 2019 aka kore shi daga gasar rukunan ƙwararru ta Ingila bayan shekara 125 a cikinta, saboda matsalar kuɗi. Duk sanda wani a kwamiti ya fara cewa ai mu da kulob duk ɗaya ne, a ɗan sassauta lissafi tsakaninmu, Shugaba ba ta jan magana. Takan ce, "Ku tuna Bury." Idan mai kulob ya faɗi, masu bin sa bashi ba su da hannu a kan kuɗin yara, muddin dai mun tsare iyakar.

Sunana yana rubuce a rajistar hukuma a intanet, kowa na iya dubawa. Muna da wata goma bayan ƙarshen shekarar kuɗi mu miƙa lissafi, in mun makara a rubuta a shafinmu, kuma masu ba da tallafi can suke fara leƙawa. A lokacin da na hau kujerar, ƙungiyar da kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 a shekara dole wani daga waje ya duba littattafanta. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba, aikina ne na yau da kullum. Abin da ya hana ni barci ya zo ne a hunturun 2022.

A shekarar, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo. Makarantar da muke hayar filinta mai ciyawar roba ta ƙara kuɗi, musamman na dare, saboda manyan fitilu. A daren Talata muna da ƙwallon tafiya. Ga wanda bai sani ba, ƙwallo ce ta dattawa masu shekara 50 zuwa sama, ba a gudu, ba a ɗaga ƙwallo ta wuce kai. Gidauniyar kulob ɗin Chesterfield ce ta fito da ita a 2011. Ranar da na fara gani dariya ta kama ni: tsofaffi da tumbi suna wani irin sauri kamar masu neman banɗaki, alƙali na hura usur yana cewa wane ka yi gudu, shi kuma yana rantsuwa bai yi ba. Sai da na zauna shan shayi da su bayan wasa dariyar ta tsaya mini. Akwai wani tsohon direban bas da matarsa ta rasu, yakan zo da minti arba'in kafin lokaci, ya zauna a motarsa yana jira. Shi ke wanke kofuna, kuma ba ya barin kowa ya taya shi, don kada a gama da wuri.

Wannan zama na Talata ba shi da mai ɗaukar nauyi. Daga ɗan kuɗin da ba a ɗaure ba muke biyansa, kuma kuɗin ya ƙare. A lokaci guda asusunmu na banki cike yake. A watan Yulin shekarar matan Ingila sun doke Jamus da ci 2 da 1 a Wembley sun ɗauki kofin Turai, kowa na son a ga hannunsa a ƙwallon 'yan mata, mu ma mun samu tallafi mai kauri don wannan. Sai dai takardar tallafin ta faɗi ƙarara abin da za a yi da shi.

Babban kocinmu ya zo zaman kwamiti da lissafinsa a hannu. Mutumin kirki ne, ya fi mu duka sanin mutanen da muke yi wa aiki. Ya ce kuɗin 'yan mata ba za a taɓa rabinsa ba sai bazara, a ɗan ranta a biya filin dattawa wata huɗu, a mayar kafin kowa ya tambaya. Ya dube ni ya ce, "Kuɗin nan suna kwance a banki, ni kuma in je in ce wa mutanen nan babu?"

Ido ya dawo kaina, tunda ni ne ma'aji. Na ce ba zan sa hannu ba. Kuɗin da aka ba ka da sharaɗi, ba naka ba ne balle ka ranta wa kanka. A dokar nan, kashe shi a wani abin daban cin amana ne ko da abin alheri ne, kuma amintattu ake tambaya. Ban ma buƙaci dokar Ingila ta koya mini wannan ba. A gida mun san wanda ya ba da kuɗin rufin masallaci, ba a haƙa rijiya da su sai an koma an tambaye shi. Mun kuma san yadda "za a mayar" ke ƙarewa, don na ga asusun ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya mutu a kan wannan kalma, ba tare da an samu ɓarawo ko ɗaya a ciki ba. Tambayar da na yi masa ɗaya ce: a watan Afrilu daga ina za a mayar? Ba shi da amsa, ni ma ba ni da ita.

Mun rubuta wa masu tallafin muna neman izinin karkatar da wani kaso. Suka amsa cikin ladabi cewa a'a. Akwai ɗan abin da muka ajiye don ranar baƙin ciki, wanda zai biya albashin kusan wata uku in tallafi ya yanke, wani ya ce a taɓa shi. Nan ma na ƙi, kuma a nan ne na fi jin kaina kamar mugu. Amma duk wanda ke riƙe irin wannan kujera a ƙasar nan ya san labarin Kids Company, babbar ƙungiyar agajin yara ta Landan da ta rushe a 2015 ba ta da ajiyar kirki. Sai a 2021 kotu ta wanke amintattunta, bayan sun yi shekaru sunansu na yawo a jaridu.

Abin da muka yi a ƙarshe bai gamsar da kowa ba. Muka mai da wasan ƙarfe 11 na safe, lokacin da ba a kunna fitila kuma haya ta fi sauƙi. Muka ƙara fam ɗaya a kan abin da kowa ke bayarwa. Na bi magoya bayan kulob masu ba mu ɗan abu duk wata da takardar Gift Aid, tsarin da hukumar haraji ke ƙara fam 25 a kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar kyauta, in dai ya sa hannu. Ashe da yawansu ba a taɓa ba su takardar ba, kuma wannan sakacina ne, na yi wata takwas a kujerar ban duba ba. Wasan ya tsira. Amma mutum biyar da har yanzu suke zuwa aiki da rana sun daina zuwa, biyu ba su dawo ba ko da aka koma dare. Kocin ya yi kusan wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Ban ga laifinsa ba. Shi ya tsaya gabansu ya faɗa musu, ni ina gida da kwamfuta.

Ni ma an taɓa taka mini burki, kuma ban ji daɗi ba. Wata Juma'a ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani yaro abokin ɗana ya rage shi kaɗai, ba a zo ɗaukarsa ba. Na ce ya shigo mota in sauke shi, hanyarmu ɗaya. Jami'ar kare yara daga cutarwa ta gidauniyar, yarinyar da na kusa haifa, ta tare ni ta ce ba a yi sai an samu iyayensa a waya sun yarda, an kuma rubuta. Raina ya ɓaci. Ni da aka yi wa binciken DBS, wato binciken hukuma kan ko mutum ya taɓa aikata laifi, aka tabbatar ba ni da tabo, ni da ke cikin masu amincewa da albashinta? Inda na tashi, ɗan maƙwabci ɗanka ne, wanda ya bar shi cikin ruwa shi ne abin zargi. Muka tsaya mu uku ƙarƙashin rumfa minti ashirin har uwar ta ɗaga waya.

Da na kai ƙorafi wurin Shugaba, ba ta ce komai ba, sai ta turo mini rahoton Sheldon na Maris 2021. Bincike ne kan lalata da yara a ƙwallon Ingila daga 1970 zuwa 2005, wanda aka fara bayan tsohon ɗan wasa Andy Woodward ya fito a 2016 ya faɗi abin da kocinsa ya yi masa yana yaro. Ban iya karanta shi a zama ɗaya ba. Mutanen da suka yi ɓarnar nan mutane ne da iyaye suka amince da su, masu rage wa yara hanya, masu cewa a bar shi ya kwana a gidana gobe akwai wasa. A zama na gaba ni na kawo shawarar a ƙara wa jami'ar awannin aiki, na kuma nemo inda kuɗin zai fito.

Akwai wata al'ada da har yanzu take ba ni dariya. Farkon kowane zama sai an tambayi ko akwai mai wata alaƙa da abin da za a tattauna. Duk ranar da maganar atisayen Juma'a ta taso, sai in ɗaga hannu in ce ɗana na ciki, in tashi in fita. Ɗakin taron ƙarami ne, babu wurin jira, don haka a ɗakin wanki nake tsayawa, tsakanin kwandunan rigunan 'yan wasa masu warin ciyawa da gumi, har a ƙwanƙwasa a ce in dawo. Ma'ajin gidauniya guda, da jakar takardu a hammata, yana kallon injin wanki na juyawa.

A can nake tsaye watan jiya wayar Yaya ta shigo. Ya ji ƙarar injin ya ce ina nake haka. Na ce wurin taron kwamiti. Ya ce, "Har yanzu ba su fara biya ba?" Na ce har yanzu. Ya ce to in ba kuɗi, ko rigar kulob ɗin in aiko wa ƙaramin ɗansa, mai lamba 9. Na saya washegari a shagon kulob, da ragin kashi goma da ake yi wa duk mai tikitin kallo na kakar wasa.