Tazarar Haruffa Takwas

Aikin farko da aka damƙa mini a ɗakin gwaje-gwaje shi ne in tantance wane nau'in ƙwayar gado ta APOE ke cikin samfuran jinin da aka tara. Na ce a raina sati biyu na gama. Sai da ya ci mini wata uku.

APOE tana kan kuromosom na 19, kuma ita ke ba da umarnin ƙera wani furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 299, wanda galibinsa hanta ke yi, sai wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kitse ba ya narkewa a jini, shi ya sa jiki ke ƙunshe shi cikin 'yan ƙulle-ƙulle kafin ya aika shi. Furotin ɗin nan yana manne a jikin ƙullin, da shi hanta ke gane kayan ta karɓe su. Nau'i uku aka fi sani, e2 da e3 da e4, bambancinsu a gurbi biyu ne kacal, na 112 da na 158.

A takarda hanyar ba wuya. Ka ninka yankin DNA (zaren gado) da ke ɗauke da gurabun biyu da PCR, wato dabarar yin kwafi masu yawa, ka yanka shi da sinadarin HhaI, ka gudanar da gutsattsarin a jel mai rarraba su bisa tsawo, ka karanta tsawonsu da adadin haruffan DNA. Mai e3 zai ba ka 91 da 48, mai e2 91 da 83, mai e4 kuma 72 da 48.

Da farko PCR ɗin ne ya ƙi fitowa sam. Yankin cike yake da haruffan G da C, zaren ba ya son rabuwa, sai da na ƙara sinadarin DMSO ya saki. Daga nan jel ya ce ga ni. Tsakanin 91 da 83 haruffa takwas ne, a jel mai ruwa-ruwa layi ɗaya mai kauri kake gani. Na koma jel mai kauri, suka rabu.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na uku. Don gaggawa na rage lokacin yanka. Gutsuren 83 da ya kamata ya tsage zuwa 48 da 35 a masu e3 da e4 ya rage bai gama tsagewa ba, sai kusan kowa ya fito kamar yana ɗauke da e2. Har murna nake, na ɗauka na gano wani sabon abu. Malamina ya ɗaga hoton ya duba, ya ce, "Kai, a ina ka taɓa jin e2 ya fi e3 yawa?" Tun ranar ba na gudanar da jel ba tare da samfurin da na riga na san nau'insa a layin farko ba, kuma yanka sai ya kwana.

Da hannuna ya faɗa, sai zuciya ta fara raya mini in gwada jinina. Tun 1993 masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka suka danganta e4 da cutar mantuwa ta Alzaima. Haɗari yake ƙarawa, ba hukunci ba ne, akwai masu e4 da suka tsufa da hankalinsu garau. Duk na san wannan. Na fitar da DNA ɗina, na rubuta wa bututun lamba maimakon suna, na sa shi a firiza.

Duk sanda na buɗe firizar ina ganinsa a kusurwa, ƙanƙara ta rufe lambar. Ranar da zan bar wurin na jefa shi cikin kwandon sharar samfura.