Wasiƙar tana nan daram, bincike ne bai gan ta ba

Ranar wata Litinin Alhaji ya leƙo ofis ya ce, "Malam, fito mini da lissafin tayoyin nan da aka turo daga Legas kafin azumi." Na ce, "Yanzu kuwa, ranka ya daɗe." Shekara huɗu ke nan da manhajar imel ta Thunderbird nake kula da wasiƙun shagon, kuma na saba in danna Ctrl da K, in rubuta kalma ɗaya, wasiƙa ta fito. Na rubuta lambar rasit ɗin. Shiru. Na rubuta "tayoyi", sai ga wasiƙu biyu na bara. Alhaji kuwa yana tsaye a kaina yana jan carbi. Ƙarshe da hannu na yi ta gangarawa cikin akwati, wajen minti ashirin, kafin na gan ta.

Sai daga baya na fahimci cewa idan ka yi irin wannan binciken, manhajar ba ta bin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Tana da rajista da ta tanada tun farko, kamar littafin shigar kaya na mai sito: abin da ba a rubuta a littafin ba, ko yana jibge a ɗaki, za a ce maka babu. Rajistar fayil ne guda, sunansa global-messages-db.sqlite. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta take ɗaukewa ita ma, don haka na yanke hukuncin cewa fayil ɗin ne ya lalace.

Na fara da Repair Folder da ke cikin Properties na akwatin. Ɓata lokaci ne: wannan yana gyara jerin wasiƙun akwati ɗaya ne kawai, ba ya sake gina babbar rajistar gaba ɗaya. Daga nan na shiga Help, na zaɓi Troubleshooting Information, na danna Open Folder, wanda ya kai ni inda fayil ɗin yake. Na rufe manhajar ruf, domin ba a taɓa fayil ɗin tana buɗe. Ana iya goge shi, wasiƙa ko ɗaya ba za ta ɓace ba, amma zuciyata ba ta ba ni ba. Suna kawai na canza masa. Da na sake buɗe ta sai ta shiga gina sabuwar rajista, ina kallon ƙirgen a Activity Manager. Tun la'asar har bayan isha'i fankar kwamfutar na ta gurnani.

Na sake rubuta lambar. Shiru dai.

Nan ne na daina tsalle-tsalle, na ɗauki wasiƙar da na riga na san tana nan na yi ta gwaji da ita. Sunan wanda ya aiko: ta fito. Kalma daga kanun wasiƙar: ta fito. Kalma daga cikin bayaninta: babu. Na gwada tsohuwar wasiƙa ta bara, komai ya fito. Ashe ciwon yana da iyaka, cikin sababbin wasiƙu kawai ya shafa. Da wannan gwajin na minti biyar na fara, da ban kwana a kan rajista ba.

A Account Settings, ƙarƙashin Synchronization & Storage, na tarar an cire alamar da ke sa a ajiye wasiƙu a kwamfuta. Wa ya cire? Ni da hannuna, lokacin da muka yi watanni muna jona intanet daga wayata, ina tattalin data. Asusunmu na IMAP ne, wato wasiƙun suna zaune a can sabar, kanunsu kawai ke saukowa sai in ka buɗe. Abin da bai sauka an adana ba kuwa, ba yadda za a yi kalmominsa su shiga rajista. Na mayar da alamar, na bar kwamfutar a kunne kan inbata har gari ya waye.

Da safe lambar ta fito nan take. Amma na lura da abu biyu da ba su gyaru ba, don ba lalacewa ba ce. Idan lambar tana cikin PDF da aka maƙala ne kawai, binciken ba ya leƙa ciki, sunan fayil ɗin yake gani. Sannan wanda ya rubuta "kudi" ba za ka same shi da "kuɗi" ba, kuma rabin masu rubuto mana ba su da haruffa masu ƙugiya a madanninsu. Yanzu duka biyun nake gwadawa.

Da hantsi Alhaji ya shigo, na juya masa allon na nuna masa wasiƙar ta fito cikin ƙiftawar ido. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To datar da na saya mana shekaranjiya fa, ina ta shiga?"