Gidan gado da ya koya mini sana'a

Shekara tara ke nan ina sayen tsofaffin gidaje a Zariya, in gyara in sayar. Ni da birkila biyu da kafinta ɗaya muke, sai leburori in aiki ya taso.

Gida na biyu da na saya a Tudun Wada yake, gidan gado. Maza uku suka sa hannu a gaban mai unguwa, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha aka watse. Na kware tsohon kwano na sa sabo. Ranar nan muna kwaɓa siminti sai ga wata mata ta yi sallama a zaure, da goyo a bayanta. Ashe ƙanwarsu ce da ke aure a Kano, ba wanda ya shawarce ta. Ta ce, "Alhaji, a ɗakin nan da kuke fasawa aka haife ni, kuma ni ban sayar da kasona ba." Gaskiyarta ce. Wata bakwai muna sintiri a kotun shari'a, aiki a tsaye, har damina ta daskarar mini da buhunan siminti.

Tun daga nan ba na ba da ko kafin alƙalami sai na ga takardar rabon gado, na kuma ji daga bakin kowane magaji, mata kafin maza. Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta isa ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, gida mai satifiket ɗin mallaka ba ya canza suna sai da amincewarsa. Sai na je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, an duba fayil, kada a ce an jinginar da gidan a banki. Ƙarin ɗaki ko ɗora bene kuwa, izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, tukuna, in ba haka ba ka wayi gari da jan fenti a katanga.

Ginin ƙasa mai shafen siminti mayaudari ne. Ina ƙwanƙwasa bango da makulli, in ya amsa kamar ganga, cikinsa ya rabu. Azara kuma sai na caka mata wuƙa, don gara daga ciki take ci. Shi ya sa na fi son duba gida a watan Agusta, lokacin da ruwa ke tona asirin rufi da indararo.

A Samaru nakan raba gida ɗaki-ɗaki da banɗaki a ciki, saboda masu saye hayar ɗalibai suke hari. A cikin birni kuwa ban ƙara taɓa zaure ba, tun da na rushe wani zauren, gidan ya shekara biyu ba a taya ba.